Taron masu kallo na bana: karo-karo ko tikiti?

Baban Khalifa (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum jama'a. Kwamitin taron bayan Sallah ya zauna jiya a Agege, kuma mun tashi baki bai zo ɗaya ba, shi ya sa na kawo maganar nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Shawara biyu ce a ƙasa. Ta farko, a yi yadda aka saba: karo-karo, a kafa rumfa a harabar Islamiyya, iyayenmu mata su yi girki, a haska tsofaffin shirye-shirye a bango, a yi kacici-kacici, a watse kafin magariba. Ta biyu matasanmu ne suka kawo ta: a kama ɗakin taro a Ikeja, a gayyato jarumi ɗaya ko biyu daga Kano, a sa tikiti, a ware kujerun gaba ga wanda ya biya ƙari, har da ɗaukar hoto da baƙo. Don Allah a yi magana da ladabi, akwai manya a zauren nan.

Sadik Yaba:
Wa alaikumus salam. Ni na kawo shawara ta biyu, kuma ina nan a kanta. Ku koma ku duba hotunan bara. Rabin kujerun babu kowa, waɗanda suka zo ɗin ma fuskokin da aka sani ne tun ranar da aka buɗe zaure. Mutane suna son shirye-shiryen nan, amma babu wanda zai taso daga Ajah ko Ikorodu ya sha gosulo don kawai ya ci shinkafa ya amsa kacici-kacici. A ba mutane dalilin zuwa.

Maman Ilham, Idi-Araba:
Shinkafar da kake rainawa, Sadik, har ƙari ka nema bara. Ni na zuba maka.

Sadik Yaba:
Wane ni in raina, Anti. Ita ce ma ta kawo ni. Sai dai ba kowa ya san hannunki ba.

Alhaji Mai Goro:
Ɗana ne yake rubutawa, ni ina faɗa masa. Na zo Ikko a shekarar bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, 1977, shekarar da aka kafa NTA. A layinmu na Agege gida ɗaya ne yake da akwatin talabijin, baƙi da fari, mai ƙofa ana ja ana rufewa. Tasha ba ta buɗewa sai wajen la'asar, tsakar dare kuma a yi taken ƙasa a rufe. Ranar da za a sa Samanja, mai gidan da kansa yake sa a fito da akwatin tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, yara a gaba, mata ta bakin ƙofar ɗaki, mu da muka taso daga kasuwa a tsaye a baya. In aka ɗauke wuta ba a watsewa. A duhun nan za a ci gaba da hira, wanda ya iya kwaikwayo ya miƙe ya ƙarasa mana wasan da bakinsa, wani lokaci ma nasa ya fi ba da dariya. Washegari a kasuwa babu zance sai shi, har maƙwabtanmu Yarabawa suna kwaikwayon Turancin barikin nan nasa.

Ban taɓa ganin Usman Baba Pategi, wato Samanja, ido da ido ba har Allah ya karɓi abinsa a 2023, haka Kasimu Yero da ya riga shi a 2017, Allah ya jiƙansu da rahama. Kuma rashin ganinsu bai rage mana komai ba, don juna muke zuwa gani. A wajen kallon nan na san mutumin da ya fara ba ni goro bashi, a nan kuma aka yi mini hanyar auren uwar yaron nan da yake rubutu. To yanzu a ce in biya kuɗi in zauna a baya, yaron da na yi wa huɗuba ya zauna a gabana don ya fi ni kuɗin tikiti? Ku yi abinku, ni dai ba ni ciki.

Ummi Mile 12:
Allah ya ƙara girma, Baba. Maganar kujera kam ina bayanka, babu yadda za a yi a zaunar da ku a baya. Amma abin da ya haɗa ku a lokacin shi ne akwati ɗaya da lokaci ɗaya, mu kuwa ba mu da ko ɗaya daga ciki. A gidanmu kaɗai, Mama tana jiran Arewa24 ta kalla a talabijin, ni ina jira dare ya raba in sauke a YouTube da data mai araha, ƙanwata kuma ba ta ma kallon shirin gaba ɗaya, guntu-guntu take gani a TikTok, amma ta riga mu sanin wanda ya mutu da wanda aka saki. Ko a zauren nan, wace doka ce ta fi jawo faɗa? Dokar kada a ba da labarin sabon fitowa sai an kwana biyu. A zamaninku wa zai kafa irin wannan doka, tunda tare kuka gani?

Malam Habu Obalende:
Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, don gardamar nan da muke yi wasu sun riga mu yin ta, kuma an ga inda ta kai su.

A Amurka akwai wani shirin talabijin mai suna Star Trek, labarin masu yawo a sararin samaniya. An fara shi a 1966. Da aka ji tashar NBC tana shirin dakatar da shi, masu kallo suka yi ta aika wasiƙu a 1968, aka ƙara masa zango ɗaya, sannan aka tsayar da shi a 1969. Abin lura, bayan an daina yin sabo ne masoyansa suka fi ƙarfi, saboda ƙananan tashoshi sun ci gaba da maimaita tsofaffin. A watan Janairun 1972 wasu masu kallo, ba kamfani ba, ba tasha ba, suka kama wuri a wani otal a New York suka kira taro. Sun yi tsammanin mutum ɗari biyar ko makamancin haka, sai ga kusan 3,000. Su suka buga takardu, su suka tsare ƙofa, su suka jera kujeru, ba a biyan kowa. Kuma da yawa daga cikin masu ɗawainiyar nan mata ne, su ne ma suka fi rubuta 'yan mujallun da masu kallo suke bugawa da kansu suna aika wa juna ta gidan waya.

Da aka ga akwai jama'a, sai 'yan kasuwa suka shigo. Kamfanoni suka karɓi shirya irin waɗannan taruka, aka sa wa komai farashi: shiga da kuɗinta, kujerar gaba da nata, sa hannun jarumi da nasa, hoto da shi da nasa, kuma hoton na daƙiƙoƙi ne, ka tsaya, a ɗauka, a ce na baya ya matso. Dubi taron Comic-Con na birnin San Diego a Amurka. A 1970 mutum wajen 300 ne a wani otal, masu son littattafan zane. Yanzu ya haura 130,000, tikiti yana ƙarewa tun watanni kafin ranar, manyan kamfanonin fim su ke da babban ɗakin taron suna tallar abin da za su fitar, mutane suna kwana a layi don su samu shiga. Ya girma, ba musu. Amma wanda ya je na farkon ya san kusan kowa a ɗakin, wanda ya je na yanzu kuwa shi da mai sayen tikitin ƙwallo duk ɗaya.

Ba cewa nake kuɗi haramun ne ba. Cewa nake ranar da aka kafa dandamali aka ɗora baƙo a kai, duk kujeru gaba za su fuskanta, kowa ya ba ɗan'uwansa ƙeya. Mu san abin da za mu saya da abin da za mu sayar.

Sadik Yaba:
Malam, ka kawo na Amurka, bari in kawo na nan gida. Lagos Comic Con a garin nan ake yin sa, Ayodele Elegba ya fara shi a 2012, kuma na je da ƙafata. Da tikiti ake shiga, akwai rumfunan masu sayar da kaya, akwai masu ɗaukar nauyi. Amma ban ga an ba juna ƙeya ba. Na ga yara masu zane sun shimfiɗa aikinsu a tebur ana saye, na ga masu haɗa katun a kwamfuta suna musayar lamba da masu neman ma'aikata, na ga mutane sun ɗinko kayan jaruman da suke so sun saka ana gasa. Abin da ya dame ni a ranar, na zaga wurin kaf ban ci karo da tebur ɗaya na abin Hausa ba. Ga mu da Daɗin Kowa, ga Kwana Casa'in, ga Labarina, ga Izzar So da jama'a suke bi a YouTube har daga Nijar da Ghana da Saudiyya, amma taronmu a ƙarƙashin rumfar haya yake, ko allon sanarwa babu. Har yaushe?

Direban Apapa:
To in dai za a yi gasar shiga, ni da shigar Kamaye na Daɗin Kowa zan zo, ba sai na ɗinka komai ba, kayan suna gida. Maman Ilham ta samo mana mai fitowa a Adama.

Maman Ilham, Idi-Araba:
Allah ya shirye ka. Ka fara zuwa taron tukuna, kullum kana layin lodi.

Malam Habu, na ji daɗi da ka ambaci mata, don a nan ma haka abin yake, sai dai ba a faɗa. Wa ke bin gida-gida karɓar karo-karo? Wa ke shiga Mile 12 da asuba sayen tumatir da tattasai? Da aka yi wa ɗaya daga cikinmu rasuwa, daga asusun taron nan aka cire kuɗin motar da ta kai iyalinsa Arewa, ba wanda ya ce uffan. To ina tambaya, Sadik, in an koma tikiti, ribar ta wa ce, kuma in an faɗi wa zai biya? Sannan in an kama ɗakin taro, yawancinsu ba sa yarda ka shigo da abincinka, sai ka saya a wurinsu. Ke nan mu an sallame mu.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, Yarabanci da Turancin buroka sun fi kama bakinsu. Ilham in na yi mata magana da Hausa, da Turanci take ba ni amsa. Shirye-shiryen nan ne suka sa ta fara tambayata ma'anar karin magana, kuma a taron nan ne kawai take zama cikin yara sa'anninta a yi wuni ana Hausa. Mai 'ya'ya biyar zai sayi tikiti bakwai? Gida zai bar su, ya zo shi kaɗai ya ɗauki hoto.

Ummi Mile 12:
Wannan gaskiya ne, Anti. Yara kam kyauta ya kamata su shiga ko me aka yanke.

Alhaji Mai Canji:
Ni lissafi na sani, bari in yi nawa. Jarumi ba ya zuwa shi kaɗai, akwai yaronsa, wani har da mai ɗaukar masa bidiyo. Kuɗin jirgi daga Kano zuwa da komawa, masauki, mota daga filin jirgi, abinci, sannan kuɗin zuwansa. Ga hayar ɗaki, ga dizal na janareta, ga masu tsaron ƙofa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake a farashinsa na da. Su kuma waɗanda muke sa ran su saya, su waye? Masu gadi, masu shayi, 'yan dako, masu faci, da yaran da suke acaɓa kafin gwamnatin jiha ta hana shi a manyan unguwanni a 2022, da yawansu ma sun koma gida. Sauran kuma da damina ta kama za su tafi noma. Masu hannu da shuni a cikinmu ba su kai su cika ɗaki ba.

Kuma na ga yadda aka yi da wata ƙungiya a nan garin. Sun tura wa wani jarumi rabin kuɗi, suka buga fosta da hotonsa, suka sayar da tikiti. Ana gobe taro wayarsa ta daina shiga. Ranar taro jama'a suka cika, da aka ga babu shi sai aka fara neman a mayar da kuɗi, har da jifa da kujeru. Ƙungiyar ba ta sake zama ba. Da ba su sa hoton kowa ba, da babu wanda zai ce an yaudare shi.

Sadik Yaba:
Don wani ya saɓa alkawari ba a ce duka haka suke ba, Alhaji. A rubuta yarjejeniya, a biya bayan an sauka.

Alhaji Mai Canji:
Wa zai hau jirgi bai ga alat ba? Kai za ka hau?

Ummi Mile 12:
Ni fa ina ganin ana ɗora wa 'yan wasan nan laifin da ba nasu ba. Kasuwar kaset da faifai ta mutu, satar fasaha da tura fim a waya sun gama da ita, shi ya sa kowa ya koma shiri mai dogon zango a YouTube. Abin da ake samu can mai tashar ne yake karɓa, ɗan wasa sallamarsa kawai ake ba shi. In ya ce sai an biya shi kafin ya zo taro, sana'arsa yake karewa. Mu da muke kallo kyauta, wasu ma a tura musu ba su kashe ko data ba, ba mu da bakin cewa sun cika son kuɗi.

Direban Apapa:
Ba wanda ya ce kada a biya su. Amma abin da Sadik yake kwatantawa ai gala ce, irin wadda ake yi da Sallah, a hau dandamali, a yi waƙa, a yi liƙi. Masu shirya gala suna nan, sana'arsu ce, sun fi mu iyawa. In gala muke so mu je tasu mu biya.

Malam Habu Obalende:
Direba ya taɓo wurin. Kuma kada mu ɗauka ƙungiyar masoya baƙon abu ne da intanet ta kawo mana. Tun kafin talabijin ta yaɗu akwai ƙungiyoyin Zaɓi Sonka na masu sauraron Rediyon Kaduna. Mutum ya sayi kati, ya jera sunayen waɗanda yake gaisarwa, a karanta a iska. Mutane sun san sunan juna shekara da shekaru ba su taɓa haɗuwa ba, daga baya suka kafa rassa gari-gari, da shugaba da ma'aji, suna ziyartar juna, suna halartar biki da suna da jana'iza. Mai gabatar da shirin ana girmama shi, amma ba don shi ake taruwa ba. Haka ƙungiyoyin masu sauraron BBC da Muryar Amurka da Jamus. RFI Hausa ma da ta fara a 2007, a nan Legas ta kafa ofishinta, wasu a zauren nan suna cikin masu kiranta.

Da finafinan bidiyo suka zo, sai hira ta koma shafin wasiƙu na mujallu, irin mujallar Fim da ta fara fitowa a 1999. Ka rubuta, ka jira wata guda ka ga ko an buga, wani ya ba ka amsa a wata na gaba. Wanda zai jira wata biyu kafin ya rama magana, fushinsa ya huce kafin nan. A 2001 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe zauren finafinan Hausa a Yahoo, inda masu kallo da marubuta da wasu masu shirya fim suke tafka muhawara mai tsawo. Yahoo ta rufe zaurukanta gaba ɗaya a ƙarshen 2020. Tsakanin nan an yi 2go, aka yi Facebook, ga mu a WhatsApp, yara sun wuce TikTok. Duk ƙaura sai an bar wasu a baya, kuma hirar da aka yi a tsohon gida ba ta biyo mu. Wa yake da abin da muka tattauna a zauren nan shekara uku da suka wuce? Wanda ya canja waya ya rasa nasa. Abin da ya rage a hannunmu shi ne mutanen da muka sani a fuska, kuma a ƙarƙashin rumfar nan da ake rainawa muka san su.

Sadik Yaba:
Malam, da girmamawa, kana magana kamar da can babu faɗa. Baba Alhaji ya gaya mana, a gidan kallon nasu ba a taɓa rigima ba?

Alhaji Mai Goro:
An yi mana. A Pen Cinema ma, da ake sa finafinan Indiya, har dambe an yi a kan wane jarumi ya fi wane. Yanzu silimar babu ita, sunan ya koma kan gadar sama. Amma wanda kuka yi dambe da shi jiya, yau sahu ɗaya za ku tsaya a masallaci, dole ku gaisa.

Ummi Mile 12:
Wannan shi ne bambancin da nake gani. Yanzu ba shirin ake so ba, mutum ake bi. Ku dubi Big Brother Naija, ban ce ku kalla ba, kafin Baba ya yi mini faɗa. Kowane ɗan takara masoyansa suna da suna, suna da asusu, suna tara kuɗi su yi ta zuba ƙuri'a, bayan an gama wasu har mota ko gida suke saya wa gwaninsu. Kuma aikinsu na biyu shi ne yaƙi da masoyan wani. Salon nan ya shigo mana. Lokacin da aka canja mai fitowa a matsayin Sumayya a Labarina, kun tuna abin da ya faru a nan? Kwana da kwanaki ba a zancen labarin, sai wace ta fi wace, har iyaye aka zaga. Mutum nawa suka fita daga zauren a makon nan?

To in aka gayyato jarumi ɗaya, an zaɓi ɓangare ke nan. Masoyan ɗayan za su ce an yi son kai. Ni na fara da goyon bayan Sadik, har yanzu kuma ina ganin taron yana bukatar sabon jini, amma wa za a gayyato da ba zai raba mu biyu ba?

Abba Ketu:
A gayyato wanda ya fi kowa mabiya mana, ai a bayyane yake. Sauran duk 'yan rakiya ne.

Shamsu Alaba:
Wa ke nan? Mabiyan saye? Kai dai faɗi sunan ka ji.

Baban Khalifa (mai kula da zaure):
Na goge saƙonni huɗu na ƙarshe. Abba, Shamsu, wanda ya sake ambatar uwar wani zai huta mako guda a waje. Ko sunan baƙo ba a tsayar ba kun fara.

Maman Ilham, Idi-Araba:
Kun gani ko.

Sadik Yaba:
Na gani, Anti, amma ku ma ku ga nawa. In aka ci gaba yadda ake yi, su Abba da Shamsu ba za su zo ba, sa'anninsu ma haka. Shekara biyar nan gaba wa zai ɗauki kujeru? Ni ban damu da lallai sai jarumi ba. Abin da nake so a samu wani abu da matashi zai ce don shi aka yi. A kira marubucin shiri ko mai ba da umarni, ko ta bidiyo ne a haska shi a bango, a yi masa tambayoyi: me ya sa labari yake ja har zango goma, me ya sa ake kashe wanda jama'a suke so, yaya ake biyan 'yan wasa. A 2020 da korona ta hana taro, San Diego ɗin da Malam ya ambata ma ta intanet suka yi nasu. A ba yaranmu masu ɗaukar bidiyo da waya dama su nuna gajerun finafinansu, a ba wanda ya yi fice kyauta. Akwai yara a Agege da Alaba Rago da suke haɗa barkwanci mai kyau, ba wanda ya taɓa kiransu ko'ina.

Malam Habu Obalende:
Wannan kuma wata magana ce daban da wadda ka fara da ita, kuma ita ina so. Marubuci ba ya zuwa da tawaga, ba a kuma yin dambe a kansa. Sai dai in ja kunne: tambayoyin a tattara su tun kafin ranar, in ba haka ba mutum ɗaya zai riƙe makirfo ya yi mana wa'azi.

Direban Apapa:
Malam, da wa kake?

Malam Habu Obalende:
Wanda ya tsargu.

Alhaji Mai Canji:
In babu jirgi babu otal, lissafin ya dawo hankali. Amma batun wuri yana nan. Harabar Islamiyya ba ta da intanet mai ƙarfi, kuma hasken rana yana cinye hoton bango, bara da ƙyar aka ga fuskar kowa kafin la'asar. In za a yi hira ta bidiyo sai an samu ɗaki mai rufi. Ni zan ɗauki kuɗin dizal, amma ba zan sa hannu a hayar Ikeja ba.

Ummi Mile 12:
Ba lallai Ikeja ba. Jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara aiki a 2024 yana tsayawa a Agege, yana bi ta Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo, 'yan Idi-Araba da su Sadik ba su da uzurin gosulo. A nemi ɗaki kusa da tasha. A dai bincika ko yana aiki ranar da aka sa, tunda lokacin hutu ne.

Alhaji Mai Goro:
Ni ban ce na yarda ba tukuna. Wannan mai magana ta bango, in ya fara, yaushe za a gaisa? Bara awa guda muka yi muna zagayawa ana gabatar da sababbin zuwa, kowa ya faɗi garinsu da sana'arsa. A nan wani yaro daga Gumel ya samu wanda ya ɗauke shi aiki a shago. In za a cire wannan don a samu lokacin bidiyo, ku gaya mini tun yanzu.

Sadik Yaba:
Ba za a cire ba, Baba. Amma a rage, awa guda ta yi yawa, yara suna gajiya su fita waje.

Alhaji Mai Goro:
Su gaji.

Baban Khalifa (mai kula da zaure):
To shawara ta zama uku. Ɗaya, yadda aka saba. Biyu, Ikeja da jarumi da tikiti. Uku, karo-karo, ɗaki mai rufi a Agege, hira da marubuci ta bidiyo da gasar gajerun finafinai, yara kyauta, babu kujerar kuɗi. Zan sa ƙuri'a yanzu, a rufe ranar Alhamis bayan isha. Sadik, kai da Malam Habu ku nemo wanda zai yarda ya yi hirar, ku ji ko yana bukatar wani abu, kada a sanar da suna sai ya amsa a rubuce. Maman Ilham, ki tambayi masu ɗakin ko za a bari a shigo da tukwane.

Maman Ilham, Idi-Araba:
Zan tambaya. In sun ƙi, ƙuri'ata ta koma ta ɗaya, ku sani tun yanzu.

Abba Ketu:
Ni dai ta biyu zan zaɓa ko ni kaɗai ne.

Direban Apapa:
An kira lambata, zan shiga lodi, gobe sai Kano in Allah ya yarda. Baban Khalifa, in network ya hana ni, a rubuta mini ta uku. Kuma har yanzu ba a ba ni amsa ba, gasar shigar tana nan ko an soke?